Tomonari da Gaurakin Takarda

Ƙanena Tomonari, da muke kira Tomo, tun yana ƙarami muka gane ba za mu sha da daɗi a hannunsa ba. Gidanmu gidan awara ne, Baba ya tsufa yana yanka ta, amma yaron nan yana ɗan aji biyu a firamare ya leƙa bahon ruwan da ake jiƙa ta ya ce yankan yau ya karkace. Baba ya dubi awara, ya dubi ɗansa, ya ce a fitar masa da shi daga shago kafin ransa ya ɓaci. Ni ce babba, shekara biyar na ba shi, don haka ni aka bar wa jinyar ƙaƙalensa.

Da ƙaƙalen ne kaɗai ai da sauƙi. Shigarsa ƙwallon kwando ke da wuya sai camfi ya zo ya tare a kansa. Takalman wasansa dole su kwana suna kallon ƙofa. Ranar wasa ba ya cin awara sai wadda ya yanka da hannunsa, kuma daga kusurwa yake fara gutsura. Akwai wata kyanwa mai guntun bindi a bakin gada, in bai gan ta da safe ba haka zai wuni fuska a murtuke. In ya jefa ƙwallo ta faɗa amma ta goga ƙarfen kwandon, shi a wurinsa bai ci ba, sai ya sake. Kuma bai taɓa yarda cewa abu yana lalacewa haka kawai ba. In ƙwallo ta kuskure, to wani ne ya taɓa masa wani abu, kuma yawanci ni ce wanin. Na sha rantsuwa a kan safar da ban ma san inda take ba.

Mutum ɗaya ne ya iya da shi, Iwao, ɗan mai gyaran kekuna a ƙarshen layinmu. Ƙato ne mai yawan dariya, yatsunsa gajeru masu kauri, ba abin da yake riƙewa bai lanƙwasa shi ba. Tun suna firamare shi ke tsayawa ƙarƙashin kwandon da ke bayan wurin ibada yana maido wa Tomo ƙwallo har hannunsa ya gaji. Ladarsa ita ce tsokana. Ya taɓa shigowa gidanmu ya juya takalman nan suka kalli bango, Tomo ya yi mako guda ba ya ce masa uffan, shi kuwa kullum da safe sai ya zo sayen awarar mamarsa ya leƙa ciki ya ce, "Sarkin ƙaƙale, ka huce ko da saura?" Da suka gama ƙaramar sakandare Tomo ya samu makarantar kan tudu mai ƙungiya mai ƙarfi, Iwao ya tafi ta koyon sana'a a ƙetaren kogi. Hakan bai raba su ba. Ban san wa ƙanena wani aboki bayan shi ba, kuma ban ga alamar zai yi wani ba.

A shekararsu ta ƙarshe ƙuri'ar gasar lardi ta haɗa makarantunsu. Duk ɗan ajin ƙarshe da aka fitar a wannan gasa ya gama wasa ke nan, sai ya koma karatun jarrabawa. Na rufe shago da wuri na je. Wasa ya yi zafi fiye da yadda kowa ya zata, maki ɗaya ne tsakani, ana dab da tashi ƙwallo ta zo hannun Tomo ya jefa, Iwao ya yi tsalle ya miƙa dogon hannun nan, ƙwallon ta bi ta saman yatsunsa ta faɗa ba ta ko taɓa ƙarfe ba. Na yi ihu har muryata ta dishe, sannan na hango Iwao durƙushe a ƙasa, sai na daina.

Bayan an rusuna wa juna sai al'ada ta biyo baya. Waɗanda aka fitar sukan miƙa wa waɗanda suka fitar da su gaurakin takarda dubu, wato takardun da suka ninke da siffar tsuntsu don neman nasara, su tafi musu da burinsu gaba. Iwao ne ya ɗauko nasu, jere a zare suna reto, launi a cakuɗe, wasu wuya a karye, wasu fiffike ɗaya ya fi ɗaya. Ya wuce kyaftin ɗin su Tomo ya zo ya danƙa wa Tomo a hannu.

"Riƙe, Sarkin ƙaƙale. Ka kai mana su har ƙarshe. In ka yar da su a hanya, ni da kai ne."

Idon Iwao ja wur, amma murmushi yake yi, har da kashe masa ido ɗaya. Malam Horiuchi, kocin su Tomo, ya ce tunda Tomo aka ba wa, ya ajiye su a gida, a rataye su a wasa na gaba bayan mako biyu.

Tun a jirgin ƙasa na ga ƙanena ya riƙe su nesa da jikinsa. Da muka iso bai shiga da su ɗaki ba, a rumbun waken suya ya rataye su.

"Yaya, me ya sa ya yi murmushi?"

"Kuka kake so ya yi maka?"

"Na raba shi da wasa har abada. Wa zai yi murmushi a nan? Kuma kin ga ya kashe mini ido."

"Iwao ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya kashe wa wani ido. Ci abincinka."

"Da su suka shiga wasa aka cinye su," ya ce yana juya shinkafa. "Faɗuwarsu tana jikin abin nan. Kuma ya san halina sarai. Me ya sa bai ba kyaftin ba?"

Na ce masa ƙauna ce, ya dube ni kamar na yi masa wani yare. Washegari igiyar takalminsa ta tsinke. Ranar Laraba kyaftin ya gurɗe yatsa, kyanwar gada kuma ta ɓace ɓat. Tomo ya dawo daga atisaye ya ce ƙwallo tana ƙin hannunsa, ya tsaya a ƙofar rumbu yana kallon gaurakin nan suna juyawa a hankali duk da ba iska. Abin da ya ƙara dagula lissafi, Iwao ya daina zuwa sayen awara, mamarsa ce take zuwa da kwanon.

"In ba shi da abin ɓoyewa, me ya hana shi zuwa?" in ji Tomo.

Na daka masa tsawa, amma zargi abu ne mai yaɗuwa. Da matar ta zo da safe na tsinci kaina ina karantar fuskarta. Na tambaye ta Iwao, ta ce yana nan, barci kawai yake ta yi, ta karɓi awararta ta fita da sauri. Me ya sa da sauri? Na tuna takalman da aka juya, na tuna yaron nan bai taɓa barin tsokana ta wuce shi ba. Ban zaci mugunta a gare shi ba, amma na fara tunanin ko ya cusa wata shaƙiyyar magana a cikin ɗaya, ko baƙar takarda irin wadda ba a sa wa mai neman sa'a.

Ranar Lahadi aka tashi da ruwan sama, ba atisaye. Da hantsi na shiga ɗakin Tomo neman almakashina na same shi a hannunsa, zaren a yanke, gauraki sun cika tabarma.

"Kai! Me kake yi haka?"

"Dubawa zan yi."

"Ba naka ba ne, Tomo. Amana aka ba ka."

"In babu komai sai in mayar. Ai na iya ninki."

Haushi ya kama ni har na ji kamar in mare shi, amma ban fita ba, na zauna a bakin ƙofa. Ya riƙa warware su ɗaya bayan ɗaya, ya duba ciki, ya juya baya, ya ɗaga wa hasken taga, wata har sai ya sansana. Da ya ci karo da tabo a jikin wata ya ce, "Kin gani ko!" Na karɓa na shinshina, man soyayyen dankali ne. Wata tana da da'irar gindin kofin shayi. Wata an ninke ta an warware an sake ninkewa har takardar ta yi laushi kamar tsumma, ka san mai ita ya sha fama. Masu karyayyen wuya sun fi yawa, kuma ba sai an gaya mana yatsun da suka danne su ba. La'asar ta yi yana kan abu ɗaya. Da ya warware ta ƙarshe ya zauna tsakiyar tulin takardu yana zare ido. Babu rubutu, babu baƙar takarda, babu komai.

Na zaci kunya za ta kama shi. Sai ya ɗauki ɗaya ya ce, "Dubi yadda suka ɓata layin. A kan wannan ba za ta ninku daidai ba." Ya je ya ɗauko dutsen gugar Mama.

Haka ya goge su tas, takarda bayan takarda, har duk wani lanƙwaso ya mutu. Sauran kwanakin kullum ya dawo atisaye sai ya zauna ninki. Mama ta ce ta taya shi, ya ce hannunta yana rawa. Ni ko tayi ban yi ba. Ya jera su launi bi da launi, daga ja zuwa shuɗi, kowane baki tsini ɗaya, kowane fiffike tsawo ɗaya. Ba zan ɓoye ba, ban taɓa ganin masu kyansu ba, ko a kanti. Ƙwallo ta dawo hannunsa, kyanwa ma ta dawo gada, ya ce mini, "Kin gani? Na wanke su."

Ranar wasa aka rataye su a ƙarfen barandar 'yan kallo. Ana ɗumama jiki sai ga Iwao ya shigo da duk 'yan ƙungiyarsa cikin kayan makaranta, sun biya kuɗin jirgi tun daga ƙetaren kogi don su yi wa su Tomo ihu. Ya rame kaɗan, amma bakin nan yana nan.

"Yaya Chizuru! Kwana biyu. Na yi ta barci kamar gawa, kunyar fitowa nake ji. Ina mutumin? Tomo! Kai, Sarkin ƙaƙale, hawo ka gai da manya!"

Tomo ya hawo yana goge gumi. Yaran suka yi kan gaurakin da gudu kowa zai nuna nasa. Wani mai ɗaurin bandeji ya ce nasa korayen nan ne da ya ninke da hagu, ya bi zaren da ido sama da ƙasa, bai gane su ba. Hayaniyar ta riƙa raguwa. Iwao ya kama ɗaya ya juya ta a tafin hannunsa.

"Ina nawa masu karyayyen wuya?"

"Suna nan," in ji Tomo. "Takardun ne dai, ban canza ko ɗaya ba. Gyara su na yi."

"Gyara." Iwao ya ƙara juya ta. "Ai ba a gyara su sai an buɗe. Ka buɗe su ke nan?"

Tomo ya gyaɗa kai.

"Duka?"

"Duka."

"Me kake nema?"

Can ƙasa ana busa usur, ana kiran lambar Tomo. Ya ce, "Igiyar takalmina ta tsinke, kyaftin ya ji ciwo, kai kuma ka daina zuwa. Kuma ka kashe mini ido."

Na jira Iwao ya fashe da dariya kamar kullum, na roƙa a raina ya yi, ko ya zage shi ma. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ce, "To me ka samu a ciki?"

"Babu komai."

"Eh. Babu komai." Ya saki gaurakar ta koma layinta. Ya haɗa ƙafafunsa, ya rusuna masa irin rusunawar da ake yi wa baƙo, ya kira shi da sunan gidanmu. "Ina maka fatan nasara, Iwabuchi."

Su Iwao sun zauna har aka tashi, sun tafa inda ya kamata a tafa, don yara ne masu tarbiyya. Tomo bai taɓa wasa irin na ranar ba, duk abin da ya jefa sai ya faɗa, suka ci da rata mai yawa. Da ya ɗaga kai bayan usur ɗin ƙarshe, layin kujerun su Iwao ya riga ya zama wayam. Ni kuwa ban iya ihu ba, tausayin su biyun ne ya cika ni, da haushin ɗaya.

Washegari da safe na fito zan buɗe shago na sami Tomo zaune a dandamali da takardun ninki a gefensa. Gauraki sun kai goma a jere gabansa, kowace a miƙe sumul. Ya ɗauki wata takarda, ya danna ta da babban yatsa da gangan don ta kauce, amma kafin ya kai ga ninke wuyan, hannunsa ya riga ya daidaita ta. Ya ajiye ta kusa da sauran, ya ɗauki wata.

"Yaya," ya ce bai ɗago ba, "ta wane ɓangare na Iwao suke karkacewa? Na kasa tunawa."