Inna Ba Ta Taka Ƙofa Ba

Ranar Laraba ce. Ƙarfe bakwai na safe ina gindin murhu ina hura wuta, ina sanar da duk unguwarmu ta Dogo Tebo cewa hayaƙi ya kashe ni, a zo a ɗauki gawa. Haka bakina yake. Shara azaba, ɗiban ruwa azaba, lissafi azaba biyu. Inna tana kan tabarma, cikin takabar Baba, tana dariya ƙasa-ƙasa.

Malaminmu na Islamiyya ya taɓa tsawata mini. Ya ce kalmar azaba daga Larabci ta zo, hukunci ne da ake yi wa mai laifi, ba ta wasa ba ce. Gwaggo, yayar Baba, da wannan kalmar take tsorata Inna duk zuwan da ta yi. Wai mai takabar da ta taka ƙofar gida, azabar kabari na jiranta.

Takwas saura kwata ƙara ta farko ta tashi daga bakin titi. Kwanon koko ya kife. Sai harbi, babu tsayawa. Takwas da minti goma wani ya bugi ƙofarmu.

"Ku fito! Suna ƙona gidaje!"

Na goya Ummi, ƙanwata. Na ja Inna har zaure. A bakin ƙofa ta toge. Na ja, ta riƙe gini. Na roƙe ta. Na yi mata tsawa, abin da ban taɓa yi ba.

"Tafi da yarinyar!"

Ta tura ni waje. Na ji ta sa sakata.

Muka bi mata ta lungu, muka faɗa gonaki. Takalmina ɗaya ya tsinke, na jefar da ɗayan. Da azahar wata motar shanu ta kwashe mu a tsaye zuwa Fika.

Kwana uku bayan haka maƙwabcinmu ya zo. Bai iya kallona ba, ya ce an ƙona gidanmu, Inna tana ciki.

Limamin da ya yi mana ta'aziyya ya ce mai takaba tana fita in akwai haɗari, addini bai hana ba. Gwaggo tana wurin, tana jan carbi. Ita da gudu ta bar unguwarsu. Har yau ban gaishe ta ba. Waɗanda suka cinna wutar kuwa, ban yafe ba. Idan azaba ta mai laifi ce, a faɗa mini laifin Inna.

Kwana goma sha ɗaya suka rage ta fita takaba. Atamfar da za ta ɗaura ranar tana wurin tela. Ban karɓo ba.