Kabarin da Ke Bakin Ruwa

Duk ranar da na ratsa layin masu banda a kasuwar Tudun Wada, warin kifin nan mai hayaƙi sai ya tsaya mini a maƙogwaro. Kada ka ɗauka ƙyama ce. Kakata nake tunawa, da tafiyar da muka yi da ita wani gari can bakin Tafkin Chadi, ina yarinya ko azumi ban fara ba.

Ƙanin mahaifina, autan Kaka, shi ne ya ƙi zaman karatu irin na gidanmu, ya tafi fataucin kifi. A can zazzaɓi ya yi ajalinsa tun ba a haife ni ba. Baba ne kaɗai ya je, ya tarar an riga an rufe shi, aka nuna masa wurin. Ya dawo ya ce kabarin ba shi da wuyar ganewa, yana kan tudu, daidai inda ake ɗaure kwale-kwale.

Tun daga ranar Kaka take roƙon a kai ta. Gidanmu kuwa gidan malamai ne, kowa da hujja a bakinsa. Suka ce mace ba ta zuwa maƙabarta, addu'a ko daga ɗaki tana isa. Shekara da shekaru ana ba ta wannan amsa. Sai da ƙafafunta suka fara kumbura, ta daina taɓa tuwon dare, sannan aka gano ashe tsohuwa tana iya tsayawa daga nesa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Sauƙin yana nan cikin littattafansu tun farko, ba su ga damar buɗo shafin ba ne.

Baba ne zai kai ta, ni kuma aka zaɓe ni in bi ta don riƙon buta. Ƙawata take ce mini, kuma duk hanya tsiya take yi mini wai na fi buhun gero nauyi, don a cinyarta nake barci. Muka yi ta sauya mota har kwalta ta ƙare, muka hau a-kori-kura cikin rairayi.

Garin duk hayaƙin banda ne da bukkokin zana, ga sauro kamar ka ɗiba da hannu, mutane na yaren da ba ma ji. Baba ya sauka ya nufi inda ya san bakin ruwa yake. Babu ruwa. Gonakin wake da masara ne iya ganinka, bayansu ciyawa da ta fi mutum tsawo, da shanu masu kaurin ƙaho, balbela na biye da su. Wani dattijo mai ɗinkin koma ya ce ai tafkin nan ba ya zama wuri guda, yanzu sai an yi tafiyar yini kafin a ga ruwa. Ya yi mamakin wanda zai yi wa kabari alama da bakin ruwa. To, mu mutanen birni ne. A wurinmu masallaci da ganuwa inda ka bar su nan za ka same su.

Baba ya yi ta zagaye har la'asar, gumi ya jiƙa masa hula. Daga ƙarshe ya tsaya gaban wani ɗan tudu ya nuna, bai yarda sun haɗa ido da Kaka ba.

"Inna, ga shi nan."

Ko ni na ga tsohon suri ne. Kaka ta karɓi buta ta yi alwala, ta ɗaga hannu tana addu'a tana juyawa a hankali, gabas, kudu, yamma, arewa, don kada ta bar ɗanta a baya. A mota ta raɗa mini a kunne:

"Ƙawata, babanki bai iya ƙarya ba tun yana yaro. Kada ki gaya masa na gane."

Ba ta kai damina ta gaba ba.

Yanzu hanyar can ba ta biyuwa, an ce mutanen garin ma sun watse. Ita Kaka nan Zariya aka rufe ta, tafiyar ƙafa daga gidanmu, amma ni mace ce, ban taɓa ganin wurin ba. Bara na tambayi yayana inda take. Ya ce ba wuya, tana gindin wata dalbejiya. Na aiki ɗana ya dubo mini. Ya dawo ya ce an sare itatuwan wajen duka.