Hawa Takwas a Bayan Katangar Gwaggo

Ranar Litinin ta farko bayan Sallar Layya, shekarar da na shiga aji biyar a lakwal, wato makarantar boko, ta Madarumfa, Baba ya tafi da ni Maraɗi mu kai wa Gwaggo Hajo soyayyen nama da busasshen kifin tabki. Gwaggo yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya, gidanta kuma yana bayan babbar kasuwa, inda shaguna da bankuna suka fara cinye tsofaffin gidaje ɗaya bayan ɗaya. Muna shan kwanar lungunsu sai Baba ya tsaya cak, har na yi karo da bayansa, kwanon naman ya kusa suɓuce mini. Filin da ke manne da katangar Gwaggo, wanda na sani cike da awaki da masu gyaran keke, an kewaye shi da kwanon rufi, an kafa wani ƙaton allo a kan ƙarafuna biyu. A jikin allon akwai hoton gini fari tas, duk gilashi, ga motoci a gindinsa, ga mutane masu kwat suna shiga. Baba ya ɗaga yatsa ya fara ƙirga jerin tagogin daga ƙasa. Ya kai takwas, ya sauke hannu, ya sake farawa. Sannan ya ce, "Balki, ke da kike lakwal, karanta mani mi anka rubuta nan." Na haɗa Faransancin da ƙyar, na gaya masa an ce nan ba da jimawa ba za a gina gidan birori, wato ofisoshi, mai hawa takwas. Ban taɓa ganin Baba ya buɗe baki ya manta da shi a buɗe ba sai ran nan.

Baba magini ne, na laka, kuma rabin sorayen unguwarmu aikin hannunsa ne. Da an gama kaka, gero ya shiga rumbu, sai mutane su fara sallama a zaurenmu: wannan katangarsa ta zube da damina, wancan indararonsa ya toshe ruwa ya ci azara. A bakin tabki ake kwaɓa ƙasa, mu yara mu naɗe zane mu shiga muna tattakawa har gwiwa, masunta na wucewa da komarsu suna yi mana dariya. Tubala kuma a jera su a rana kamar an shanya dawo. Amma babban aikina ba wannan ba ne. Baba ba ya taka tsani sai an kai saƙo duk gidan da ake iya hangowa daga saman rufin da zai hau, kuma ni ake aika, don ni mace ce, ina shiga har tsakar gida ba sai na tsaya zaure ba. In shiga da gudu in ce, "Baba ya ce a gaya muku za ya hau bisa!" Nan take gida ya kaure. Mai daka da ɗaurin ƙirji ta yar da taɓarya ta rarumi mayafi, mai wa yaro wanka ta sunkuce shi da kumfarsa, wata kuma daga makewayi ta ɗaga murya, "Ki ce mashi ya dakata, don Allah!" Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin aikin nan ƙwarai. Ƴar shekara goma, amma kalmata ɗaya tana tarwatsa manyan mata, har da waɗanda suka saba ranƙwashina.

Ko bayan na dawo na ce an ji, Baba sai ya tsaya a matakin farko ya yi kira sau uku, "Za a hau! A kimtsa!" In ya hau kuma, baya yake juya wa gidan maƙwabta, ko da hakan zai sa rana ta dake shi a fuska yini guda. Yakan ce, "Ni laka anka kira ni in taɓa, ba kallon gidan mutane ba." Duk garin haka ake yi. Mai hawa giginya yakan yi kira, mai gyaran rumbu yakan yi kira. Akwai wani baƙo da ya taɓa hawa bishiyar bedi yankan ganye bai ce uffan ba, sai da maganar ta kai gaban mai unguwa. Ni dai a lokacin na ɗauka duk duniya haka take, ko a Makka in mutum zai hau rufi sai ya aiki ƴarsa.

Gidan Gwaggo kuwa tsakar gida ne kawai da ɗakuna a gefe don ajiye kaya. Rayuwar duka a waje take. Tun rasuwar mijinta da man gyaɗa da ƙuliƙuli take riƙe da kanta, matan lungun kuma a wurinta suke yini, su soya, su murza, su matsa, zufa na zuba, kowace da zane ɗaya, ana hira ana shewa. Makewayinta ba rufi, kamar na kowa. A gidan nan aka kawo ta amarya, a nan ta haifi ƴaƴanta tara, a tsakar gidan nan aka yi wa mijinta wanka aka fita da shi. Da muka shiga ran nan muka tarar da ita a bakin kasko, Baba ko amsa gaisuwa bai gama ba ya tambaye ta ko ta san abin da aka kafa mata a bayan katanga. Ta ce ta gani, ai talla ce, irin ta sabulu da madara. Da ya sa na maimaita mata abin da na karanta, sai ta bar ludayin cikin mai, ta ɗaga kai ta dubi sararin da ke saman katangarta, ta daɗe tana kallo. Ɗaya daga cikin matan har ta jawo ɗankwali ta rufe kafaɗa, alhali babu kowa a saman sai shirwa.

Baba ya ja hannuna muka koma filin. Muka sami wani saurayi mai tabarau riƙe da naɗaɗɗun takardu, yana nuna wa wasu mutum biyu inda za su kafa turaku. Baba ya gaishe shi gaisuwar magini da magini, ya gaya masa shi ma sana'arsa ke nan, sannan ya tambaya da iyakar gaskiyarsa:

"To in an gama, wa za ya riƙa kira kahin a hau?"

Saurayin bai gane ba. Baba ya yi masa bayani a tsanake, har ya kawo shawara cewa a sa mai gadi ya riƙa shiga lungun yana gaya wa mata, tun da yaro ba zai iya da gidaje masu yawa haka ba. Ban manta fuskar saurayin ba. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa, sai dai ya cire tabarau ya goge.

"Baba, ai ba hawa za a yi a sauko ba. Birori ne. Ma'aikata za su zauna ciki tun sahe har marece, kullum."

"Kullum? Maza?"

"Maza da mata."

"Kuma tagogin buɗe suke ta wajen gidajen mutane?"

"Ta ko'ina, Baba. Don haske."

Baba ya yi salati. Ya dubi allon, ya dubi katangar yayarsa, wadda shi ya gina ta da hannunsa, ya sake yin salati. A motar da ta maido mu Madarumfa, ko goron da ya saba ci a hanya bai taɓa ba.

Ni kuwa na zama tauraruwa a lakwal. Lokacin shan iska yara suka kewaye ni ƙarƙashin bedi ina ba su labarin gini mai hawa takwas, wasu suka ce ƙarya nake, muka kusa dambe. Kowa ya zana nasa a allon aji, da alli, har taga ta ƙare masa wuri. Malaminmu, da muke ce wa Mushe, ya ce mana a wasu ƙasashe akwai masu hawa ɗari, muka yi shiru don tsoron bulala, amma babu wanda ya yarda. Da yamma, in mun gama ban ruwan salad a garkar kawuna, sai mu je bakin tabki mu yi ta ɗora gutsattsarin tubali muna gina namu. Bai taɓa wuce hawa huɗu ba yake kifewa, hakan kuma ya kwantar mini da hankali sosai, na ce a raina nasu ma haka zai yi.

Baba bai kwantar da nasa hankalin ba. Sati biyu bayan haka ya sake ɗaukata muka koma, wannan karon da gora dogaye guda uku da igiya. Niyyarsa ya ƙara wa katangar Gwaggo tsawo, amma yana so ya san iyakar inda zai kai ta. Ya ɗaure gorar ɗaya a kan ɗaya, ya maƙala jan tsumma a can ƙarshe, ya roƙi mai gadin filin ya bar shi ya shiga ya tsayar da ita. Ni kuma aka zaunar da ni a kan turmin Gwaggo a tsakar gida, aka ce in faɗi ko ina ganin tsumman, don duk wanda ya ga tsumma, mai tsayuwa a wurin tsumman yana ganinsa. Ina gani, ja wur, yana kaɗawa can sama da katanga. Aka mayar da ni bakin murhu, ina gani. Aka sa ni cikin makewayi na tsuguna, ina gani. Baba yana kira daga bayan katanga, "Yanzu hwa?" ni kuma ina ta cewa ina gani, har na fara jin kamar laifina ne. Na so in yi masa ƙarya sau ɗaya, amma Gwaggo tana tsaye a kaina, ita ma idonta na kan tsumman. Kuma gorar nan uku, a lissafin Baba, da ƙyar ta kai hawa na uku. Saura biyar a samanta.

Ya shigo ya zauna a ƙasa, ba tabarma. Mutumin da ban taɓa jin ya ce wani gini ya gagare shi ba, ya cire hula ya ɗora a gwiwa ya ce, "Yaya, wanga ya hi ƙarhina. Ko na kai katangar ga tsawon masallacin Juma'a, suna ganinki." Na tsorata da jin haka fiye da yadda na tsorata da allon. Wata maƙwabciya ta ce a rufe tsakar gidan duka da kwano. Gwaggo ta harare ta ta ce, "In soya gyaɗa cikin akwati? Hayaƙin ya bi ta ina, ta hancinki?" Ƴaƴanta maza suka ce ta yi haƙuri ta jira a ga abin da Allah zai yi, zamani ne, kowa zai saba. Ta ce ita ba za ta jira ranar da za ta fito da buta ta tarar da ƙattai jere a taga ba. "Shekara arba'in ba namijin da ya ga tsakiyar kaina in ba Malam ba," in ji ta, "ba da hurhura za a hwara ba."

Kafin ruwan farko ta tashi. Aka sayar wa wani ɗan kasuwa gidan, aka loda gadonta da kaskonta da turminta a bayan wata tsohuwar mota, ta dawo Madarumfa, Baba ya gina mata ɗaki kusa da na Inna. Matan lungun sun raka ta har bakin titi suna kuka. Ita ba ta yi ba, kuma ba ta waiwaya ba, ni ce na yi ta waiwaye a madadinta. Wata uku ba a yi ba muka ji an rushe gidan an fara jera shaguna.

Shekara shida ta yi a wurinmu. Ta koya mini matsar mai da kitso, ta kuma zage ni fiye da yadda Inna ta taɓa yi, amma ba ta zauna da gindinta ba ko yini ɗaya. Ruwan garinmu bai yi mata daɗi ba, gyaɗarmu wai ba ta da mai, kukan kwaɗin tabki yana hana ta sakewa. Ba ta sake taka Maraɗi ba, ko biki ko rasuwa. Sai dai duk wanda ya dawo daga can, direba ne ko mai kai kifi, in ya shigo gaisuwa tambayarta ɗaya ce: "An hwara?" A ce mata ba a fara ba tukuna. Ta gyaɗa kai ta ce suna nan tafe. Shekara ta zagayo, wata ta zagayo, hoton allon ya koɗe, kwanon da aka kewaye filin da shi ya fara ɓacewa falle-falle, awaki suka koma. Babu wanda ya san dalili, wasu su ce mai ginin ya canza shawara, wasu su ce takardu ne. Mutane suka daina kawo mata cikakken labari, suka tsaya a kan "tukuna".

Lokacin da ciwonta na ƙarshe ya kwantar da ita ina lise, wato babbar sakandare, a Maraɗi, ina zuwa gida ƙarshen sati. Wata Asabar da hantsi na shiga na tarar da ita ta rame, tana kallon azara. Ta kama hannuna ta ce, "Balki, ke kinka karanta mani shi tun hwarko. Ke ba ki yi mani ƙarya. Sun kai hawa nawa?" Na duba ƙofa ko wani zai shigo ya cece ni, babu kowa. Na ce mata ko rami ba a haƙa ba, filin yana nan yadda ta bar shi. Ta lumshe ido har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Can ta ce, a hankali, ba da ni take ba, "Ashe da na mutu ɗakina." Ta rasu kafin sati ya zagayo. Baba ya yi shekaru yana cewa da bai ɗaure gorar nan ba, ni kuma har yau ban san ko ya kamata in ce mata sun kai takwas ba.

Yanzu ni ma Maraɗi nake aure, a gidan haya. Filin yana nan, kwanan baya ma an kafa sabon allo da sabon hoto, an ce wannan karon da gaske ne. Inda turmin Gwaggo yake, wani yaro ne ke sayar da caja da gilashin waya. Maƙwabcinmu ya ɗora bene a kan gidansa, barandarsa tana kallon tsakar gidana, ƴaƴansa samari suna zama a can da wayoyinsu, ni kuma ina wanki, ina shanya, ina tsefe kai, sai in yini ban tuna da su ba. Ko a Madarumfa yanzu masu kafa farantin talabijin da sola hawa kawai suke yi. Wani lokaci nakan tsaya da bokiti a hannu in tuna tsakar gidan nan mai ƙanshin gyaɗa da matan da ke shewa ba mai ganinsu sai Allah, kewa ta kama ni. Na rasa ko Gwaggo ce ta yi gaggawa, ko mu ne kunya ta ƙare mana.