Jinyar Kifin Malam

Yayata ta yi shekara talatin da uku tana aikin nas a ɗakin maza na wani babban asibiti, shi ya sa har yau duk unguwa Sista ake ce mata, har da waɗanda suka girme ta. Ni Yaya nake ce mata. Ita ce babba a cikinmu mu bakwai, ni ce ta shida, kuma tun kafin ta sa farar riga ta ƙware a matse wa yaro hanci ta ɗura masa magani. Doguwa ce, ba ta da jiki, kullum tana tafiya kamar ana jiranta a wani wuri. Ba ta da mugun hali, sai dai ba ta da haƙurin faɗa wa mutum abu sau biyu. A asibiti an san ta da ɗaga matashin majinyaci ta zaro ƙwayoyin da ya ɓoye, ta jera masa a tafin hannu, ta tsaya a kansa har ya haɗiye.

Mijinta, wanda muke kira Malam, a gidan waya ya yi aiki, yana buga wa wasiƙu hatimi har ya yi ritaya. Mutum ne mai sanyi da son hira, irin wanda in ka ce masa cokali ɗaya zai ji a ransa biyu sun fi alheri. 'Ya'yansu duk sun yi aure, suka rage su biyu a hawa na uku na wani bene. Zaman ya ishi Malam. Wata rana ya dawo da akwatin gilashi, da tsakuwa, da ɗan injin tace ruwa, da jan kifi guda mai tulun ciki da doguwar jela. Ya raɗa masa Manaja, wai yadda yake yawo a hankali yana leƙa ko'ina ba ya taɓa komai, sak wani shugabansu na da.

Yaya ta ce masa, "Naka ne. Kada ka sa ni a ciki." Haka aka yi shekara da rabi, ko ƙurar gilashin ba ta taɓa gogewa ba.

Ni tela ce, shagona layi biyu ne daga gidansu. Wata Talata da la'asar na kai mata ɗinki, na tarar da Malam a durƙushe gaban akwatin, fuska a yamutse. Manaja yana can ƙasa a lungu, ya tattare fikafikansa, jikinsa da jelarsa duk fararen ɗige-ɗige kamar an barbaɗa masa gishiri. Ga wani ɗan baƙin kifi da ban sani ba yana zagaye shi.

"Wannan kuma fa?" na tambaya.

"Na gan shi ne a wurin mai kifi, shi kaɗai a kwano, ya ba ni tausayi. Yau kwanansa biyar da zuwa." Ya rage murya. "Ƙanwata, ina jin zazzaɓi ne ya kama Manaja."

Sai na lura da abin da ke hannunsa: ƙwayar zazzaɓi ce a kan faranti, yana murƙushe ta da bayan cokali. Ƙarar cokalin ce ta fito da Yaya daga kicin, hannunta da kumfar wanke-wanke.

"Malam, me kake niƙawa?"

"Rabi kawai zan sa masa."

Ta karɓe farantin ta miƙo min, ta goge hannu, ta sunkuya gaban gilashin. Ta daɗe tana kallo. Manaja ya taso da ƙyar, ya goga gefensa da dutse, ya koma lungu.

"Tun yaushe yake wannan goge-gogen?"

"Shekaranjiya."

"Yana ci?"

"Ba sosai ba. Shi ya sa na ƙara masa."

Ta dubi ƙasan akwatin inda abinci ya taru ya yi gashi-gashi, ta rufe ido na ɗan lokaci. Sannan ta ce in tsaya, ta ɗauko jakarta, in raka ta.

Mai sayar da kifin ado yana da ɗan shago a bayan tashar mota. Da ta kwatanta masa, ya ce ai wannan sananniyar cuta ce, wasu ƙwari ne da ido ba ya gani, kuma sabon kifin ne ya shigo da su. Ya ɗauko kwalbar magani shuɗi ya ce a riƙa ɗan zubawa.

"Ɗan zubawa nawa?" in ji Yaya.

"Kamar murfi haka, Hajiya."

"Murfi a ruwa nawa? Sau nawa? Kwana nawa?"

Mutumin ya gyara tsayuwa. Ba ta bar shagon ba sai da ta sa shi ya karanta takardar jikin kwalbar layi-layi, ya kuma faɗi abin da ya sani. Duk bayan kwana biyu a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, a zuƙe dattin ƙasa da tiyo, a mayar da sabo, sannan a sa magani. Ba a zuba ruwan famfo kai tsaye, sai an ɗiga masa wani magani na daban mai kashe warin famfo, ya kwana a bokiti har sanyinsa ya zo daidai da na akwati. A cire gawayin da ke cikin injin tace ruwa, don yana shanye magani. Abinci kaɗan. Ko ɗige-ɗigen sun ɓace kada a daina, ƙwarin suna nan cikin tsakuwa.

Da muka dawo ta ari tef ɗina na awo, ta auna tsawo da faɗi da zurfin akwatin, ta fitar da yawan ruwansa a bayan ambulan. Ta nemo sabon sirinji. Ta ja layuka a farar takarda, rana, ruwa, magani, abinci, yanayin majinyaci, ta liƙa a bango. Ruwan ya koma shuɗi kamar na rini, yatsunta ma haka.

"Ba don kifin nake yi ba," ta ce min a bakin ƙofa. "Ba na iya ganin ana kashe abu da ganganci."

Kwana biyu bayan haka na leƙa, tun daga matakala nake jin muryarta. Ta jera bokiti huɗu a banɗaki ruwansu ya kwana, Malam ya tashi da safe ya yi wanka da ɗaya, ya jiƙa safa da sabulu a wani.

"Na ga ruwa a tare ne," ya ce. "Na ɗauka alheri aka yi min."

Ta sayo sababbin bokitai, ta rubuta NA KIFI da jan fenti a jikin kowanne. Ta hana shi taɓa tiyo, ita take zuƙa da bakinta har ruwa ya taho, ta tofar, ta bi tsakuwa lungu-lungu. Daga falo zuwa banɗaki taku goma sha huɗu ne, ta ce ta ƙirga.

A rana ta huɗu ba wani sauƙi, ɗige-ɗigen ma ƙaruwa suka yi. Abin da ya ɗaure mata kai, in ta sa magani da safe, kafin azahar ruwan ya washe. Ta buɗe injin, sai ga gawayin da ta cire da hannunta yana zaune a wurinsa.

"Malam."

"Na'am."

"Wa ya mayar da wannan?"

Ya sosa ƙeya. "Shuɗin ya yi yawa, ba na ganinsa da kyau. Kuma na ga kamar duhun yana sa shi kaɗaici."

Yaya ta zauna a hannun kujera, ta dube ni. "Kin ji ko? Na yi jinyar mahauta, na yi jinyar direbobi, na yi jinyar wani da ya cire wa kansa ƙarin ruwa ya tafi kallon ƙwallo. Ban taɓa wahala da majinyaci ba kamar yadda nake wahala da 'yan uwan majinyaci. Ga shi na yi ritaya, an ajiye min ɗaya a gida."

Ta yage takardar bango, ta ja sabuwa, aka koma rana ta ɗaya. Gawayin kuwa a jakata ta sa shi, ta ce in tafi da shi shago.

Malam ya ji kunya, kuma kunyar ce ta jawo babbar ɓarna. Ya so ya rama kwanakin da ya ɓata. Ran nan Yaya ta tafi kasuwa, ya buɗe kwalbar ya tsiyaya murfi biyu a kan wanda ta riga ta sa. Da hantsi ya kira ni a waya, wai in zo, ita ba ta ɗauka. Kusan tare muka iso da ita. Kifayen biyu suna saman ruwa, bakinsu a waje suna haki, ruwan ya yi duhu har ba a ganin tsakuwa.

Ta ajiye kayan cefane a ƙasa, ta naɗe hannun riga, ta sa tiyo. Ta kwashe rabin ruwan, ta juye duk wanda ya kwana, a hankali, da kofi, don kada ya bugi kifin. Ni da Malam muna jigilar bokiti, shi yana yi yana zubar da rabi a kan kafet. Bayan kamar awa ɗaya Manaja ya sauka ƙasa, numfashinsa ya lafa. Ɗan baƙin bai kai la'asar ba.

Malam ya ɗauke shi a tafin hannu ya tsaya yana kallo. Na ɗauka yanzu Yaya za ta sauke masa duk abin da ta tara. Sai ta ɗauko tsumma mai tsabta ta miƙa masa.

"Da ma ya zo da ciwon, kuma ƙarami ne," ta ce. "Je ka binne shi a gindin bishiyar ƙasa." Da ya kai ƙofa ta ƙara da cewa, "Amma murfi biyun nan bai taimaka masa ba. Gara ka sani."

Daga ranar kwalbar ta koma durowarta, makulli a jakarta. Abincin kifin ma ta kulle, tana ba shi ƙwaya huɗu a rana. A kwana na bakwai ɗige-ɗigen suka fara raguwa, a na tara suka ɓace, Manaja ya buɗe jela yana yawo. Malam ya ce to alhamdu lillahi, a bar shi ya huta da magani haka.

"Saura sau biyu."

"Ai ya warke, ke ma kina gani."

"Haka duk suke cewa. Sai su dawo bayan mako biyu, an riƙo su."

Ana cikin wannan ta zo wanki, ta juye aljihun rigarsa, gutsattsarin burodi suka zubo. Ya rantse na tantabarun taga ne. Ta kai shi gaban akwatin ta nuna masa wani ɗan fari-fari da ya maƙale a bayan dutse, ta tambaye shi ko tantabarun sun fara nutso.

An gama magani a kwana na goma sha uku. Ta aiko na kawo gawayin, ta mayar, cikin kwana biyu ruwa ya yi garau. Manaja ya rame kaɗan, gefen jelarsa ya ɗan yage, amma ya warke sarai.

Ita ce ba ta fita lafiya ba. Washegari ta sunkuya ɗaukar takalmi, bayanta ya riƙe. Likita ya ce ta yi mako uku ba ta ɗaga komai. Da na je duba ta na same ta a miƙe a doguwar kujerar falo, matashi ƙarƙashin gwiwa, ranar canjin ruwa ta zagayo, Malam kuma yana tsaye da tiyo a hannu kamar sabon ɗalibi.

"Ƙasa kaɗan. Ba nan ba, bayan dutsen. Kada ka bi kifin, datti za ka bi. Malam, bokitin zai cika."

Ya gama, ya goge gumi, ya zauna kusa da ni yana haki. Can ya ce, a hankali, kamar da ni kaɗai yake, mai kifi ya gaya masa irin Manaja ya fi jin daɗin akwati babba, akwai wani da ya ninka wannan.

Yaya ta juyo da kanta kawai, don jikin ba ya juyuwa.

"Bokiti nawa yake ci?"

Malam ya ce bai tambaya ba.

"To ka tambaya. Ka kuma tambayi bayanka." Ta dube ni. "Ke, tashi ki duba min ko ruwan ya kai layin da na ja a jikin gilashin. Ban yarda da idonsa ba."

Na tashi na duba. Saura yatsa biyu.