Rijiyar Gudiya

Duk wanda ya san Jiga Makera ya san Malam Ummaru mai albasa, ya kuma san taurin kansa. Ni maƙwabcinsa ne, na sha fama. Shekarar da matarsa Gudiya ta rasu ya haƙa rijiya a gefen gonarsa, sadaka gare ta. Duk gugan da aka ja, ladan na isa kabarinta, haka yake cewa, kuma ba a yi masa musu.

Sai 'yarsa Raihanatu, mai karatun ilimin ƙasa a jami'a, ta zo da kwalabe. Ta ɗebi ruwan rijiyoyi tun daga Dangamaji har Maiyama, ta ɗebi na uwarta. Wai ruwa ma yana da shekaru, akwai alamar da na'ura ke karantawa ta bambanta ruwan saman bara da wanda ya kwanta a ƙasa tun zamanin kakanni. Muka sha dariya.

Ranar da ta dawo da sakamakon gwajin, dariya ta ƙare. Ina zaune a zaurensa ta durƙusa, ta kasa ɗaga kai.

"Mi kinka gani?" in ji shi.

"Baba, ruwan rijiyar Inna sabo na. Ta cikin gonarka shika bi, shina ɗauke da takin zamani. Shina iya cutar da jinjiri."

Muna jin ƙarar guga daga nan. Mata na kan rijiyar, har da wata Mardiyya mai goyo. Na tuna mutumin nan ya taɓa yanke gaisuwa da ƙanensa saboda ya wanke babur a bakin rijiyar.

"Ke! Ladan uwakki kika so in yanke?"

Sai hawaye ya zubo mata.

Ya fita, muka bi shi. Ya karɓe gugan daga hannun Mardiyya, ya daɗe yana duban ruwan, garau kamar kullum. Sannan ya juye shi a ƙasa, ya ce su tafi burtsatse. Da hannunsa ya rufe rijiyar da kwanon rufi, ya danne da duwatsu.

Bana ko albasa ɗaya bai dasa a gonar ba. Raihanatu ta ce ruwan na iya wankewa, amma sai damuna ta bi damuna, ba ta ce nawa ba. Kowace safiya yana share bakin rijiyar da ba mai ja, ni kuwa tausayi ya hana ni zolayarsa.

Jiya ya jingina tsintsiya ya dube ni.

"In ban kai lokacin ba, kai ka buɗe ma Gudiya."