Iyakar Buzun Malam

Bana shekara goma sha tara ke nan da muka rufe Malam Isiyaku, mijina, wanda ya yi alƙalanci a ɗan garinmu da ke kan hanyar fatake tsakanin Tambuwal da Kebbe. Ban yi karatu ba, faɗi nake ana rubutawa. Kowace shekara in dawa ta fara sunkuyar da kai, rana ɗaya ce ke dawo mini, kuma ba ranar rasuwarsa ba ce.

Ga waɗanda ke zaure a ranar. Malam bisa buzunsa. Malam Ɗanbaba muhuti, mai taya shi duba littafi, a damansa. Barmo dogari a bakin ƙofa da bulala. Ɗanjuma manomi, mai ƙarar shanu sun ci masa dawa. Ja'e, makiyayin da ake ƙara. Sai uwar Ja'e, Inna Hajo, wadda ba wanda ya kira ta. Ni kuwa ina bayan bango wajen murhu, inda duk abin da aka faɗa a zaure yake iske ni. Dukansu sun riga mu gidan gaskiya. In na yi kuskure babu mai gyara mini, shi ya sa nake auna kowace kalma.

Ɗanjuma ba shi da shaida, don haka rantsuwa ta faɗa kan Ja'e. Ya yi alwala, aka kawo Alƙur'ani. Ya miƙa hannu ke nan sai tsohuwar ta faɗo zauren, ba sallama, ba tuɓe takalmi. Ta ture Barmo, ta taka gefen buzun Malam, ƙafarta ta bugi kurtun tawada ya kife kan farar rigarsa. Ta cafke wuyan hannun ɗanta.

"Alƙali, kada ka kashe mini ɗa! Shanunmu na. Ni da idona na gane su cikin gonar."

Na leƙa ta tsagar bango na ga fuskar Malam ta yi baƙi kamar yadda ban taɓa gani ba. Malam Ɗanbaba ne ya fara magana. Ya ce, "Allah shi gafarta Malam, wanga ba a bari nai. A ladabta ta nan take, gaban kowa, in ba haka ba gobe kowace mai tallar nono sai ta shigo ta koya muna shari'a." Barmo har ya fara warware bulala.

Malam ya tashi ya fita da buta, ya sake alwala, ya daɗe. Da ya dawo ya zauna da tawadar a ƙirjinsa, ya ce a kai tsohuwar cikin gida wurina har ya tashi daga zama. Haka al'adar take, macen da shari'a ta tsare a gidan alƙali ake ajiye ta, a hannun matarsa.

Ja'e ya janye hannu daga Littafi, ya amsa ɓarna, aka tura dattawa su duba gona. Da la'asar ta gabato Malam Ɗanbaba ya sake tayar da maganar bulala. Amsar Malam tana kunnena har yau. Ya ce, "An ba ni iko in kau da abin da ya tare shari'a. Na kau da shi, shari'a ta wuce. Abin da ya rage rigata ce, ni kuwa ba ni zama alƙalin rigata." Ya naɗe buzu, ya ce wa Barmo ya shiga ya ce a sallame ta, ya sauya riga ya tafi masallaci.

Ina tuna wannan yanzu saboda abin da ya faru ranar kasuwar da ta wuce. Gidan ya daɗe da fita hannunmu, ina zaune a ɗakin da aka bar mini can ƙurya, amma bango ɗaya ne har yau, kunnena kuma bai mutu ba. Ana cikin shari'a a zauren, wani bawan Allah ya sa baki don ya maimaita wa wansa tambaya, wan nasa kurma ne. Alƙalin da ke kan buzun yanzu ya ce an katse shi. Aka yi wa mutumin bulala, aka ɗaure shi a mari kwana uku, alhali shari'ar wan nasa ta ƙare tun kafin azahar. Da yamma na ji mata a bakin rijiya suna cewa yanzu ne aka sami alƙali. Sarki goma zamani goma. Na buɗe baki zan ce wani abu, sai na duba na ga babu ko ɗaya a cikinsu da ta san Malam. Na ja gugana na dawo.

Da yana raye, na san ba zai ɗaga murya ba. Tambaya zai yi: kwana ukun nan, wace shari'a suke tsarewa? A zamaninsa ma ba kowa ya yaba ba. Manyan gari sun ce ya cika sanyi, Malam Ɗanbaba ya yi wata guda yana gaishe shi a tsaye. Kuma in zan faɗi gaskiya, wadda ta fi kowa jin haushinsa a ranar ni ce.

Ni na saƙa wa zuciyata cewa an wulaƙanta mijina, an wulaƙanta ni. Rigar nan ni na kaɗa zarenta, wata biyar. Da aka shigo mini da Inna Hajo ban ba ta tabarma ba, ban ba ta ruwa ba. Na nuna mata gindin turken awaki, inda babu inuwa. Da Barmo ya leƙo ya ce Malam ya ce a sallame ta, na ce na ji. Yana juya baya na jefa mata rigar da sabulu.

"Ke kika ɓata, ke za ki wanke."

Ta dube ni, ta ce, "Matar alƙali, rugarmu da nisa, rana ta yi ƙasa."

"Da kika taho ba ki auna nisan ba?"

Tawadar gawayi ce da ƙaro, wanki ɗaya ya fitar da ita. Na duba na ce da saura. Ta sake. Na ce da saura. Sau uku ta wanke tsarkakakkiyar riga, tsohuwar da ta girme ni da shekara ashirin, tana durƙushe. Sai da aka kira magariba na ce ta tafi. Ta fita ita kaɗai, ɗanta ya riga ya bi dattawa gona, a zatonsa ta kama hanya tuni.

Malam ya shigo ya ga rigar a kan danga tana ɗiga. Ya kan kira ni Ta Sanyinna, da sunan garinmu.

"Ta Sanyinna, wa ya wanke wagga?"

Na faɗa masa, kaina a sama. Ina jiran godiya.

Ya daɗe yana duban rigar. Ya ce, "Ni da aka naɗa wa rawani, ikona a kanta ya ƙare lokacin da na naɗe buzu. Ke wa ya naɗa ki?"

Ya sa Barmo ya bi bayanta da jaki, ya shiga turakarsa, tuwon da na kai ya kwana a rufe. Shekara talatin muka yi tare, bai taɓa faɗa mini maganar da ta kai wannan nauyi ba. Na wuce makaɗi da rawa, kuma a gidan makaɗin.

Malam bai bar gona mai yawa ba. Littattafansa ɗalibai sun raba, 'ya'yanmu fuɗu biyu suna ƙasa, biyu suna Dogon Daji, sai Salla nake ganinsu. Ba a ambaton sunansa a zaure. Abin da ya rage daga gare shi ɗan kaɗan ne, kuma a wurina yake: duk sanda fushi ya taso mini, ko da akuyar maƙwabta ce ta shigo mini, sai na tambayi kaina inda ikona ya tsaya. Ni mace ce mai tsanani, ban sauya ba. Iyakar dai na san akwai iyaka. Idan na tafi, ban san wa zai riƙe ko wannan ba.

Washegarin ranar wankin rigar, ina idar da asuba na ɗauki sanda na kama hanyar Kebbe, ban tambayi kowa izini ba. Hantsi ya ɗaga kafin na iso rugar. Na iske Inna Hajo tsugunne tana tatsa, hannuwanta sun yi fari saboda sabulu. Na tuɓe takalmi daga nesa, na durƙusa.

Na ce, "Inna, na zo ki yanke mini hukunci."

Ba ta ɗago ba. Nono na ta zuba a ƙwarya. Can ta ce, "Ni ba alƙali ba ce." Maraƙin ya yi ta kutsawa yana ture mata hannu. Ta miƙo mini igiyarsa ba tare da ta dube ni ba.

"Riƙe mini wanga, shina hana ni aiki."

Na riƙe har ta gama.