Garma a Filin Wasan Makarantarmu

Jiya da safe na tarar da garmar shanu a filin wasan makarantarmu. Shugaban ƙungiyar iyayen yara ne ya ce a shuka gyaɗa a wurin.

Ya ce mini, "Malam, guje-guje har sai an ware masa fili? Ai noma ma motsa jiki ne."

Na ce, "Alhaji, shekara huɗu na yi a jami'a ina karanta wannan darasi. Filin nan shi ne ajina, kuma ba a noma a cikin aji."

Na jera ɗalibaina muka fara darasi. Mai garma ya gaji da jira, ya kora shanunsa.

Ban ɗaga murya ba, ba kuma zan janye ba. Malamai 'yan'uwana, ku ya kuke kare filayenku?